TARIHIN MUJALLA DA HOTO A BORNO, DA ABIN DA YA SHAFI ƊALIBANMU NA DUSUMAN



Kusan kowane zangon karatu, ɗaliban Sashen Koyon Aikin Jarida na manyan makarantu sukan fitar da mujalla ko jaridar gwaji. Malami ya raba su rukuni-rukuni, su zaɓi edita a tsakaninsu, su yi karo-karon kuɗin ɗab'i, su bazama neman labari da hoto, su tsara shafuka, su kai maɗaba'a, sannan su miƙa a ba su maki. 'Ya'yanmu na Dusuman da ke karatu a Jami'ar Maiduguri da wasu makarantun suna cikin masu yin wannan aiki. Ɗalibi yakan ɗauke shi a matsayin wahalar da za a yi a wuce, uba kuma abin da yake gani shi ne an sake zuwa neman kuɗi. Da an ba da maki sai a jefa mujallar ƙarƙashin katifa, daga nan gara ko damina su ƙarasa ta.

Mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan sana'a a ƙasarmu, domin tsara shafi da ƙawata shi tsohon aiki ne a Borno, kuma tambayar wanda ke riƙe da kyamara idan za a nuna mu ga duniya ta daɗe tana binmu. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi wa mujallar gwaji riƙon sakainar kashi ba.

TSARA SHAFI KAFIN ZUWAN INJI

Tun kafin injin ɗab'i ya shigo Arewa, Borno ta yi suna wajen rubutun Alƙur'ani da hannu. Gwanayen rubutu suna da tsari wanda ba a karya shi. Baƙaƙe da tawada baƙa ko mai duhun ƙasa, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin wasali da kore. Ana haɗa tawadar takarda da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. Takardar kuma daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus, a bayan raƙuma, da yawanta ɗauke da tambarin jinjirin wata uku wanda sai an ɗaga ta a haske ake gani. Marubuci yakan bar fili a gefen shafi domin sharhi, ya yi zayyana a inda hizifi ko rubu'i ya faɗo domin mai karatu ya gane wurin da kallo ɗaya. Da yake ba a ɗinke warƙoƙin, sai a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ake kai, don kada su cuɗe idan an fito da su daga gafaka.

Duk wanda ya yi kwas ɗin tsara mujalla zai gane waɗannan abubuwa. Faɗin gefe, bambanta launi don ido ya huta, alamar da ke nuna farkon sashe, dabarar da ke hana shafuka ruɗewa, su ne dai ake koyarwa yau a kan kwamfuta da wasu sunaye.

Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823 zamanin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa ana kai Alƙur'anan Borno ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka da Masar a sayar da kowanne dala 40 zuwa 50 na kuɗin lokacin. Ke nan shafin da aka tsara a nan ya yi kasuwa a ƙetaren Sahara shekaru 200 da suka wuce.

HOTO YA ZO A HANNUN BAƘO

Hoto kam labarinsa dabam ne. Siffofin farko na Borno da duniya ta gani zane ne na matafiya: na littafin Denham da Clapperton da ya fito a 1826, sai na Heinrich Barth wanda ya zo Kukawa a 1851, sai na Gustav Nachtigal da ya zo a 1870. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, amma sai ƙarshen wancan ƙarni ta iso yankin Tafkin Chadi, kuma tare da sojan mulkin mallaka ta zo. Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan da suka fi yaɗuwa game da yankinmu shi ne na kan Rabe, bayan Faransawa sun kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Wannan Raben shi ne ya mai da Dikwa hedikwatarsa, garin da hanyar da ta ratsa ta wajenmu take kaiwa. Tun ranar farko, hoton da aka fitar daga nan na yaƙi ne, wanda ya ci yaƙin ne ya ɗauka, kuma mutanensa aka yi domin su kalla.

A 1907 aka kafa Yerwa, Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinta. A shekarar ce kuma littafin Boyd Alexander ya fito a Landan, mai bayanin tafiyarsa daga Kwara zuwa Nilu ta Tafkin Chadi. Bayan an kashe shi a 1910, Olive MacLeod, wadda aka yi musu baiko, ta biyo sawunsa ta ratsa Borno, ta fitar da nata littafin mai hotuna a 1912. Waɗannan littattafai suna da amfani, har gobe masu bincike suna komawa gare su don ganin sutura da gini da kayan doki na wancan zamani. Sai dai idan mutum ya duba rubutun da ke ƙarƙashin irin waɗannan hotuna, zai ga sarki ne kawai ko babban bafade ake ambata da suna. Talaka ana kiransa da ƙabilarsa ko sana'arsa. Kakannin wasu ne, amma babu mai iya cewa ga kakan wane.

Akwai misalin da ya nuna fuskar alheri ta wannan fasaha. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno, cikinsu har da wanda ke ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. A 1960 ya rubuta bayaninsa a mujallar Nigeria Magazine, wadda ta samo asali daga mujallar malaman makaranta da E. H. Duckworth ya jagoranta a shekarun 1930. Tsakanin layukan waɗannan Alƙur'anai akwai fassara da tsohon harshen Kanembu. Bayan shekaru kusan 50 masana harshe a Landan suka koma kan hotunan Bivar suka ci gaba da nazarin wannan harshe. Hoto mai kyau da aka ɗauka da natsuwa, aka rubuta bayaninsa, aka adana, ya yi wa Borno aiki bayan rabin ƙarni.

ZARIYA, GASKIYA DA ALBISHIR

Buga labari da harshen gida a Arewa ya fara ne da Jaridar Nijeriya Ta Arewa a 1932, wadda ake bugawa da Hausa da Larabci da Turanci. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, tare da Dokta Rupert East. A wajajen wannan lokaci ne aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a rubutun boko. Kafin nan ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin harafi ko wata alama a gefensa. Sai da aka zuba waɗannan haruffa da ƙarfe na musamman kafin a iya buga su. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, ya zama cibiyar ɗab'i ta Arewa baki ɗaya.

A wancan zamani harafi ɗaya-ɗaya ake jerawa da hannu, ko a zuba layi guda da narkakkiyar dalma a injin Linotype, kuma a juye ake karanta shi kafin a buga. Hoto ya fi wahala. Sai an mai da shi ɗige-ɗige ƙanana, a ci shi da ruwan asid a kan farantin ƙarfe, a kafe farantin a kan katako daidai tsayin haruffa. Kowane hoto kuɗi ne da kwanaki, shi ya sa edita ba ya sa hoto sai wanda ya cancanta, kuma akan adana farantin fuskar babban mutum a yi ta maimaita shi shekara da shekaru.

A farkon shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar NORLA don samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Hukumar ta fitar da ƙananan jaridu na larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Ardo ta Adamawa, Zumunta ta Bauci. Tamu ta Lardin Borno ita ce Albishir. A nan ne mutumin ƙauye da ya koyi karatu a ajin manya ya fara ganin sunan garinsa da na hakiminsa a buge. An rufe NORLA a 1959. Ranar 1 ga Janairu, 1966, jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna da sabon injin ɗab'i wanda hoto ke fita tas a cikinsa, abin da ya ɗaga darajar mai ɗaukar hoto a gidajen jaridun Arewa.

ƊALIBAI DA SITENSIL

Ɗalibai ba su da kuɗin waɗannan injuna, don haka suka nemi tasu hanyar. Tsofaffin ɗaliban sakandare a cikinmu za su tuna allon ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, inda ake manna labari da rubutun hannu da zanen barkwanci, da kuma mujallar ƙarshen shekara. Kayan aikin su ne tafireta da sitensil da injin gurzawa na Gestetner. A cire ƙyallen tawadar tafireta, a buga haruffa su huda sitensil, idan an yi kuskure a shafa wani jan ruwa mai warin gaske a jira ya bushe a sake bugawa. Zanen bango kuwa da wani alƙalami mai tsinin ƙarfe ake karce shi. Daga nan a ɗaura a inji a yi ta juya hannu, hannu da riga duk tawada. Hoto ba ya shiga sitensil, sai dai a kai shafin tsakiya maɗaba'a idan makaranta tana da hali.

Kada a raina irin wannan mujalla. A Kwalejin Jami'a ta Ibadan, Chinua Achebe ya yi editan jaridar ɗalibai mai suna University Herald a farkon shekarun 1950. A 1958 J. P. Clark, yana ɗalibi, ya fara fitar da The Horn da sitensil, 'yar ƙaramar mujallar waƙoƙi. Waɗanda suka yi rubutu a cikinta da dama sun zama manyan marubutan Najeriya, kuma yau kofenta abin nema ne a ɗakunan karatu na duniya.

Koyar da aikin jarida a jami'a ya fara a Nsukka a 1961, sai Legas a 1966. A Arewa Jami'ar Bayero ta Kano ce ta buɗe sashen a ƙarshen shekarun 1970. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975 ta gaji harabar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas, ta buɗe nata a shekarun 1980. Daga nan ne fitar da jarida ko mujallar gwaji ya zama darasi mai maki a garinmu. A shekarun ne kuma mujallar labarai ta yi tashe a Najeriya. Newswatch ta fito a 1985 ƙarƙashin Dele Giwa da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed, kuma ɗalibai suka riƙa kwaikwayon bangonta da tsarin shafukanta. Kisan Dele Giwa da bam a cikin ambulan ranar 19 ga Oktoba, 1986, ya koya wa ɗaliban wancan lokaci cewa sana'ar da suke koyo tana iya cin rai. A Kaduna mujallar Citizen ta fito a 1990, sannan a 1999 Malam Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim da Hausa, wadda ta nuna cewa mujallar Hausa mai bango mai launi tana da masu saye.

Ɗalibin wancan zamani fim yake saye mai ɗaukar hoto 24 ko 36. Ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke, ko a ɗakin duhu na sashe ko a gidan hoto a cikin gari. Saboda haka kafin ya danna sai ya duba haske, ya duba bayan mutum, ya gyara tsayuwa. Rubutu kuma a buga shi dogayen ginshiƙai, a yanka da reza, a manna a kan kwali da gam, a goga manyan haruffan kanun labari daga takardar Letraset harafi bayan harafi. Idan labari ya fi filinsa tsawo, almakashi ne ke raba gardama.

ZAMANIN KWAMFUTA

Manhajar PageMaker ta fito a 1985, CorelDraw a 1989, InDesign a 1999. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 shagunan kwamfuta sun cika gari da bakin ƙofofin makarantu, aikin reza da gam ya mutu. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kyamara ta koma aljihun kowa. Yau ɗalibi yana iya tsara bango a wayarsa da Canva yana zaune a cikin Keke Napep.

Sai dai injin maɗaba'a bai canza ƙa'idarsa ba, kuma a nan ne rukunoni da yawa suke asarar kuɗin karo-karonsu. Mujallar da ake naɗewa a ɗinke da ƙusa a tsakiya dole adadin shafukanta ya rabu da huɗu, domin kowace takarda mai girman A3 shafi huɗu take bayarwa. Mujalla mai shafi 32 takarda 8 ce, kuma shafi na 1 da na 32 a fuska ɗaya suke kwana. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, kowace da farantinta. Shi ya sa launin da ya yi ƙyalli a allo yakan fito a dushe a takarda, kuma shi ya sa shafi mai launi ya fi baƙi da fari tsada. Hoton ɗab'i yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai cika bangon A4 yana bukatar kusan ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, idan aka buga sai fuska ta farfashe. Kuma akan bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka ba ta faɗa daidai kan layi.

Akwai wata tsohuwar matsala da ta dawo. Haruffan da aka sha wahalar zubawa da ƙarfe a Zariya, yawancin salon rubutun kwamfuta ba su da su. Ɗalibi ya rubuta ƙasa, a buga kasa. Ya rubuta ɗaki, a buga daki, ko wani ɗan akwati ya fito a wurin harafin. Haka ma harafin ǝ na Kanuri, wanda ke cikin daidaitacciyar ƙa'idar rubutun harshen da aka tsayar a nan Maiduguri a tsakiyar shekarun 1970. Duk rukunin da zai sa shafin Hausa ko Kanuri ya gwada salon rubutunsa tun kafin ya fara tsari, kuma ya karɓi kofen gwaji daga maɗaba'a ya karanta kafin a buga gaba ɗaya.

SHEKARUN DA KYAMARA TA ZAMA HAƊARI

Daga watan Yulin 2009 komai ya canza. Riƙe kyamara a titin Maiduguri ya zama abin da zai jawo wa mutum zargi daga kowane ɓangare. Ranar 22 ga Oktoba, 2011, aka harbe Malam Zakariyya Isa, ma'aikacin gidan talabijin na NTA Maiduguri, a kusa da gidansa. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya na tsawon watanni. Ranar 16 ga Janairu, 2017, bam ya tashi a masallacin cikin Jami'ar Maiduguri, Farfesa Aliyu Mani yana cikin waɗanda suka rasu. A farkon 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, kuɗin man janareta ya hau kan kuɗin kowane shafi da aka buga. Duk da haka jami'ar ba ta rufe ƙofarta saboda rikicin ba, ɗalibai suka ci gaba da fitar da aikinsu.

A waɗannan shekaru an ɗauki hoton yankinmu fiye da kowane lokaci a tarihi. Jere ta karɓi dubban 'yan uwanmu da suka gudo daga Mafa da Dikwa da Marte da Gamborun Ngala, sansanin Muna ya zama sunan da ake ji a gidajen rediyon ƙetare. Ranar 28 ga Nuwamba, 2020, aka kashe manoman shinkafa fiye da 40 na Zabarmari a gonakin Koshebe, hotunan jana'izarsu suka zagaya duniya. Waɗannan hotuna gaskiya ne, kuma wasunsu sun jawo taimakon da ya ceci rayuka. Amma wanda ya rubuta sunan unguwanninmu a intanet yau, abin da zai gani layin karɓar abinci ne da rumfar leda da makara. Ba zai ga mai yankan shinkafa a fadama yana dariya ba, ko ranar saukar Alƙur'ani, ko mai ɗinkin hula, ko amarya da lallenta. Kuma kamar a 1912, yawancin fuskokin ba su da suna.

Wasu 'ya'yan Arewa sun ƙi yarda da hakan. A 2015 Fati Abubakar, haifaffiyar Maiduguri wadda ta karanta aikin jinya da kiwon lafiyar al'umma, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram. Ta riƙa yawo da kyamara tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki da tsofaffi, tana rubuta abin da suka faɗa da bakinsu a ƙarƙashin hoton. Manyan kafafen labarai na duniya suka ɗauki aikinta. Rahima Gambo kuma ta yi aiki mai tsawo da ɗalibai mata na makarantar Shehu Sanda Kyarimi, ta sa wa wani ɓangarensa suna Tatsuniya, inda 'yan matan suka shiga cikin tsara yadda za a ɗauke su, suna wasanninsu na dandali. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilori a 1998 sun yi maganar mutunta sirrin mutane, sun kuma hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan maganar ta shafi laifi ko cin zarafi, ko shi aka yi wa, ko shaida ne. A wuri irin namu wannan ƙa'ida tana da nauyi na musamman. Hoton matar da ta kuɓuto daga daji, idan aka buga shi da sunanta da unguwarta, yana iya hana ta aure ko ya jawo mata abin da ya fi haka. Ɗalibin da ke neman maki zai kammala ya tafi bautar ƙasa, ita kuwa tana nan cikin mutanen da suka ga hoton.

RUWA YA NUNA MANA ABIN DA BA MU ADANA BA

Daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekaru 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehu da Asibitin Koyarwa da Kasuwar Monday, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairun 2023 aka sake ginawa, ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri da Jere. Bayan rayuka da dukiya, akwai asarar da ba a lissafa ba: kundin hotunan aure da suna, takardun makaranta, littattafan malamai, wayoyin da hotunan iyaye marigaya ke ciki. An sake gina ɗakuna da yawa, hoton kaka kuwa ba shi da na biyu.

A nan ne darajar mujallar gwaji take. Kofe 100 ko 200 da suka watsu a hannun mutane sun fi hoto ɗaya a waya ɗaya tsawon rai. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ko mujalla ya ajiye kofe uku a can, kuma su ne ke ba da lambar rajistar mujalla. Akwai ɗakin karatun jami'a da Cibiyar Nazarin Yankin Sahara da ke cikinta, akwai Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Abin da aka kai irin waɗannan wurare shi ne mai bincike zai tarar bayan shekaru 50, kamar yadda aka tarar da hotunan Bivar.

KIRANMU

Ga ƙannenmu ɗalibai: idan rukuninku yana neman abin da zai sa a mujalla, ku kawo su gida. Noman shinkafa a fadamar Jere labari ne, daga iri zuwa sussuka zuwa kasuwa. Tsangaya da masu rubutun allo da zayyana labari ne. Yadda unguwa ta faɗaɗa daga 2014 zuwa yau, da waɗanda suka zo baƙi suka zama maƙwabta, labari ne. Dattawan da suka ga ambaliyar 1994 da ta 2024 suna nan da ransu, ku zauna da su tun ana tare. Ku fara da gaida Bulama ku faɗi abin da ya kawo ku. Ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauke shi, ku gaya masa inda hoton zai fito, wanda ya ce a'a ku ƙyale shi. Ku guji ɗaukar shingen jami'an tsaro. Ƙarƙashin kowane hoto ku rubuta sunan mai shi idan ya yarda kuma babu cutarwa, da wurin, da ranar, da sunan wanda ya ɗauka. Idan an buga, ku mayar wa waɗanda kuka ɗauka da kofensu, ku kai ɗaya ɗakin karatu, ku ajiye asalin hotunan a wuri fiye da ɗaya.

Ga iyayenmu: idan yaro ya zo da maganar kuɗin mujalla, a tambaye shi abin da za su rubuta, a nemi ganin ta idan ta fito. Wanda ke da tsohon hoto da ya tsira daga ruwa, ko tsohuwar jarida, ko mujallar makaranta ta zamanin sitensil, ya bari a ɗauki kofensa a gabansa a mayar masa da abinsa, ya kuma faɗi sunayen waɗanda ke ciki a rubuta tun yana tunawa.

Duk mai irin waɗannan kaya, ko wanda ya taɓa riƙe Albishir a hannunsa, ko ya yi aiki a tsohuwar maɗaba'a ko gidan hoto a Yerwa, muna roƙon ya sanar da shugabannin ƙungiya domin a haɗa shi da ɗalibanmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.